Kilo Huɗun da Suka Ɓata a Cikin Lif

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana hawa yana sauka, amma bai taɓa zuwa ko'ina ba. Haka matarsa take cewa idan aka tambaye ta aikin mijinta, kuma ba sharri ta yi masa ba. Tuƙin lif yake yi a wani tsohon bene mai hawa takwas, inda ofisoshi suke jibge bisa juna: masu inshora a hawa na biyu, likitan haƙori a na huɗu, ofishin fansho a na shida, manajan ginin kuma can ƙololuwa inda iska ta fi daɗi. Lif ɗin irin na da ne, mai ƙofar ragar ƙarfe da ake ja da hannu. Ba shi da maɓallan da kowa zai latsa ya tafi abinsa. Wani mariƙi ne na tagulla a jikin bango, ka tura shi gaba a hau, ka jawo shi baya a sauka, ka mai da shi tsakiya birki ya kama. Gwanintar ita ce ka tsayar da akwatin daidai da bakin daɓe, kada tsoho ya yi tuntuɓe, kuma a nan babu wanda ya kama ƙafarsa.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a ginin. Baba Sikeli kowa ke ce masa, har takardar albashi ma saura kaɗan ta koma haka.

Sikelin ba nasa ba ne, na matarsa ne. Likita ya ce ta riƙa lura da ƙibarta, 'yarsu ta sayo mata irin wanda ake takawa, mai allura a bayan ɗan gilashi. Sau ɗaya ta hau. Ta leƙa, ta ja tsaki, ta ce maƙaryaci ne, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Bayan wata biyu ta gaji da buge yatsa a jikinsa wajen shara, ta ce ya fitar mata da shi daga gida ko ta jefa a bola. Ya taho da shi wurin aiki da niyyar bai wa masinja. Lif ɗin kuwa matsattse ne, babu inda zai ajiye shi sai ƙarƙashin ƙafarsa, don haka ya tsaya a kai, ya tura mariƙin gaba.

Nauyinsa kilo sittin da huɗu ne, ya san haka tun yana saurayi. Lif na tashi allura ta zabura ta wuce wurin, ta yi ɗan jim, ta dawo. Da za su tsaya a sama sai ta yi ƙasa, kamar an zare masa wani abu daga jiki. A saukowa, daidai lokacin da birki ya kama a hawan ƙasa, ta harba har saba'in. Da farko ya ce lallai matarsa ta yi gaskiya. To amma ya sake hawa, ya sake sauka, ya ga abu ɗaya ne babu canji, kuma shi a saninsa maƙaryaci ba ya maimaita zance iri ɗaya sau goma. Ranar masinja bai ga sikeli ba.

Tambayar ta hana shi sakat. Bai ci komai ba tsakanin hawa na ɗaya da na ƙasa, to daga ina kilo shida suka zo, kuma ina suke komawa? Ya tambayi likitan haƙori, ya ce girgiza ce kawai. Ya tambayi mutumin inshora, shi kuma ya saurare shi tsaf har ƙarshe sannan ya tambaye shi ko yana da inshorar rai. Sai wata tsohuwar malamar kimiyya da ke zuwa ofishin fansho duk ƙarshen wata ce ta dubi ƙafarsa, ta dubi fuskarsa, ta ce ya matsa ta hau. Sau biyar suka kai sama suka dawo, har layinta ya wuce ta.

Ita ta gaya masa cewa sikeli bai san nauyin kowa ba, abin da ya sani shi ne yadda ƙafa take danna shi, shi kuma yake tokare ta. Ta ce da igiyar lif za ta tsinke, allurar za ta koma sifili, ya riƙa shawagi a cikin akwatin shi da sikelinsa. Ta ce 'yan sama jannatin da yake gani a talabijin suna yawo kamar auduga ba tsere wa jan ƙasa suka yi ba, faɗowa suke yi dare da rana, sai dai gudun da suke yi ta gefe ya sa kullum suna kuskure duniyar. Ta ce masana sun gano cewa mutumin da aka rufe a akwati ba shi da hanyar gane ko ƙasa ce ke jan sa ko akwatin ne ake fizga sama. Da za ta fita ta ƙara masa da wadda ta fi duka: agogon da ke hawa na takwas ya fi na hawan ƙasa sauri, da ɗan abin da ido ba zai taɓa gani ba, amma an auna irinsa an tabbatar.

Ya ce, "Wato Malama, manaja ya fi ni saurin tsufa ke nan?"

Ta ce, "Da ɗan ƙanƙanin abu."

Ya ce, "Ya ishe ni."

Tun daga ranar ginin bai sake hutawa ba. Duk wanda ya shiga lif sai ya fita da guzurin da bai roƙa ba. Mai ciwon haƙori yana riƙe da kunci ana gaya masa cewa watan da ke sama ma faɗowa yake yi. Sakatarorin hawa na bakwai suka riƙa tsokanarsa, su ce Baba yau kilo nawa ka zubar a hanya, ko za ka ara mana hanyar. Wasu suka ce notin kansa ya kwance, wasu suka ce zama a akwati ne ya yi masa yawa. Ko a jikinsa. Abin da ke ba shi haushi ɗaya ne, mutum ya ji an ce lokaci ba ya tafiya daidai a sama da ƙasa, ya ce to, ya ci gaba da duba wayarsa. Wannan kam yana ƙona masa rai, don gani yake an kawo wa mutum abin mamaki har ƙofar gida ya ƙi ko leƙowa.

Kowace safiya, kafin a buɗe babbar ƙofa, yakan hau shi kaɗai zuwa na takwas ya sauko, ya rubuta abin da allura ta nuna a ɗan littafi da fensir. Ba wanda ya sa shi. Malamar ta rasu a shekara ta huɗu da fara rubutun, ya ji labari a bakin wani ɗan fansho, ya yi baƙin ciki ƙwarai, don ita kaɗai ce ta taɓa tambayarsa me littafin ya ce. Ya ci gaba da rubutunsa har shekara goma sha ɗaya, littafi tara, duk a jere cikin akwatin takalmi a saman kabad ɗin matarsa.

Ana nan aka kawo sabon manaja, matashi mai ƙamshin turare, wanda bai kai ɗan Baba na fari a haihuwa ba. Mutum ne mai son tsafta, kuma ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da ke ganin duk abin da ba a rubuta a takardar aiki ba ƙazanta ne. A makonsa na farko ya ce a fitar da sikelin, nan ba banɗaki ba ne. Baba ya ce to, ranka ya daɗe. Ya tura shi ƙarƙashin 'yar kujerar da aka sa masa a lif daga baya, ya rufe da tsumma, ya ci gaba da awonsa da safe.

A wannan shekarar ne mutane suka fara yabon lif. Da can idan ya tsaya a ƙasa sai ka ji gwiwarka ta ɗan lanƙwashe, yanzu kuwa sai ya sauka a hankali, ba ka ma san an iso ba. Tsofaffi suka riƙa sa wa Baba albarka. Manaja da kansa ya faɗa a wani taro cewa tun zuwansa har lif ya koyi ladabi. Baba ma ya ji daɗi, ya ɗauka hannunsa ne ya ƙara nuna. Sai wata Lahadi da rana, matarsa ta sauko da akwatin takalmin tana kakkaɓe ƙura, ya zauna yana buɗe littattafan don nishaɗi, ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Shekara goma cur tsayawar ƙasa saba'in take nunawa. Bana ta fara da sittin da tara, ta koma sittin da takwas, wannan makon kuma sittin da shida. Shi dai bai rame ba, yana nan a sittin da huɗunsa. Kilo huɗu sun ɓata daga kamun birki.

Washegari ya sa ido a kan hannunsa na dama, ya kama shi dumu-dumu. Ashe ba tare da saninsa ba hannun ya koyi mai da mariƙi tsakiya tun kafin lokaci, tun ana sauran kamu guda a isa, don akwatin ya sulale ya tsaya daidai. Birkin ya daɗe da sanyi, hannunsa ne ke rufa masa asiri. Kunya ta kama shi, sannan tsoro, domin ya san ranar da aka cika lif da mutum goma sha biyu, sulalewar ba ta kamu guda ba ce.

Ya hau ofishin manaja da littattafansa a hammata. Manaja bai buɗe ko ɗaya ba, amma ya kira makanikin kamfanin da ke duba lif ɗin. Makaniki ya zo, ya hau ya sauka sau biyu Baba na tuƙi, ya ce bai taɓa ganin tsohon inji mai laushi haka ba, ya sa hannu a takarda. Ɗakin injin yana can kan rufi, sai an bi wani tsanin ƙarfe mai zafi, kuma an daɗe ana neman makullinsa. Baba ya roƙe shi ya hau ya buɗe murfin birkin ya gani da idonsa. Makaniki ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa jin an gano ciwon inji da sikelin mata ba.

Baba bai bari ba. Ya daina ɗaukar fiye da mutum biyar, layi ya riƙa taruwa, ƙorafi ya yi yawa. Ranar Juma'a manaja ya kira shi ya miƙa masa takarda. Daga Litinin babu sikeli a ginin, zai ɗauki mutane yadda allon lif ya ce, kuma zai je likita ya duba lafiyar kansa. Idan bai yarda ba, ya miƙa makullin lif ga maigadi, a nuna masa yadda ake tura mariƙin, ai ba tuƙin jirgi ba ne. Litinin ɗin kuwa ita ce ranar 'yan fansho.

Kwana biyu ya yi yana juya abin. Idan ya bi umarni zai ɗauki tsofaffi goma sha biyu a kan birkin da bai yarda da shi ba. Idan ya ba da makulli, maigadi zai ɗauke su da hannun da bai san komai ba. Akwai kuma abu na uku da ya sani sarai, wanda bai gaya wa matarsa ba: an daina ƙera kayan gyaran wannan lif tun da daɗewa, masu ginin kuma dalili kawai suke jira su sa sabo mai maɓalli, wanda ba ya bukatar kowa a ciki. Duk ranar da aka yarda da maganarsa, ranar aikinsa ya ƙare.

Litinin da safe ya yi awonsa kamar kullum. Daga nan ya ɗaga lif ɗin kaɗan, ya tsayar da shi tsakanin hawan ƙasa da na ɗaya, yadda takalminsa ya zo daidai da kan mai tsayuwa a waje. Ya kashe, ya zare makulli ya sa a aljihun gaba, ya zauna a kujerarsa ya harɗe ƙafa.

Kafin ƙarfe tara zauren ya cika. Tsofaffi suka zazzauna a matakala, wasu na yi masa Allah ya isa, wata kuma ta ce dama ta daɗe da lura idonsa ba daidai yake ba. Wannan ta yi masa ciwo, don shekara shida yana riƙe mata ƙofa har ta gama jan ƙafa. Manaja ya iso ya ɗaga kai yana magana ta cikin raga, abin da bai saba ba, don shi ake ɗaga wa kai. Ya lallashe shi, ya yi barazanar kora, ya ambaci 'yan sanda. Baba ya amsa masa da ladabi cewa ba ya riƙe da kowa, ba ya kuma ɓata komai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, hanyar sauko da ni ɗaya ce. A hau ɗakin inji, a cire murfin birki, a sake shi da hannu a juyo ni ƙasa. Ina nan, ba inda za ni."

Sai a lokacin manaja ya gane inda aka ajiye shi: ba a sauko da Baba sai an buɗe birkin da aka ƙi dubawa.

Duk da haka ya gwada wata dabara, ya aika mota a ɗauko matar Baba. Ta iso tana haki, ta ratsa mutane, manaja ya tare ta yana cewa Mama ki yi masa magana, mutuncinsa ake so a tsare. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Shi kuwa, duk taurin kansa, bai san ɓangaren da za ta faɗa ba.

Ta ce, "Malam, nawa ta nuna yau?"

Ya ce, "Sittin da biyar da rabi."

Ta juya wajen manaja ta ce, "Ɗana, sikelin nan nawa ne. Ni na fara ce masa maƙaryaci, kuma ba ƙarya ya yi mini ba, abin da ba na son ji ya faɗa. Ka sa a hau a duba."

Ta zura masa gorar ruwa ta cikin raga, ta nemi wuri a matakala ta zauna cikin tsofaffin da ke zaginsa, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har suka yi shiru.

Sai wajen sha ɗaya makaniki ya zo. A tsawon jiran nan Baba ya ja layi da fensir a bangon ramin da lif ke bi, daidai da bakin akwatin, kuma ya ga layin yana nisa da shi a hankali, har ya kai faɗin yatsa biyu. Lif a kashe, amma yana motsi. Ya ji tsoro sosai, bai dai gaya wa kowa ba. Aka fasa kwaɗon ɗakin inji da guduma, ƙarar na saukowa ta cikin ramin. Can akwatin ya fara saukowa sannu sannu, mutum biyu na juya shi da hannu, har ya zauna daidai da daɓe.

Makaniki ya sauko da gumi sharkaf, babu sauran dariya. A tafin hannunsa akwai wani baƙin abu jiƙe da mai, bai fi kaurin kwali ba, ragowar abin da ke kama birkin ke nan. Ya nuna wa manaja, ya yi masa magana ƙasa ƙasa. Bai iya haɗa ido da Baba ba. Manaja ya dubi tsofaffin da ke matakala, ya dubi allon da ya ce mutum goma sha biyu, sannan ya sa a kawo igiya a zagaye ƙofar lif ɗin.

Kada wani ya zaci an yi taro an ba shi lambar yabo. Abin da ya hango shi ya faru. Masu ginin suka ce a tumɓuke tsohon a sa sabo, takardar sallamar Baba kuma ta fito kafin mako ya zagayo. Alherin da manaja ya yi masa shi ne ya goge kalmar rashin ɗa'a ya rubuta ritaya. Wata huɗu mutane suna hawa da ƙafa, kuma akwai waɗanda har yau suke cewa shi ya jawo musu ciwon gwiwa. Ya zauna a gida yana gyara abin da bai lalace ba, matarsa na korarsa daga kicin. Kewar akwatin nan ta dame shi fiye da yadda ya zata, har wani lokaci yana tsaye a tsakar ɗaki sai ya ji ƙafarsa na jiran ƙasa ta motsa.

Ranar Litinin ɗin farko bayan an buɗe sabon lif, sai ga shi a bakin ƙofa da sikeli a hammata da sabon littafi a aljihu. Maigadi ya rasa yadda zai yi, ya ce Baba ka san fa an hana. Baba ya ce an hana ma'aikaci, shi kuwa yanzu ɗan fansho ne, hawa na shida za shi, kuma bai ga inda aka rubuta kayan da ɗan fansho zai riƙe ba. Ya wuce abinsa. Sabon lif ɗin duk madubi ne da fitilu, ga wata murya da ke faɗin hawa. Ya ajiye sikelin a tsakiya ya hau. Ƙofa na shirin rufewa manaja ya sako kai, ya gan shi, ya yi turus, sannan ya shigo.

Ya ce, "Baba, wannan fa sabo ne. Kwamfuta ke lura da shi."

Ya ce, "Wancan ma akwai ranar da yake sabo, ranka ya daɗe. Duk farkon wata zan zo. In ba ka so, sai ka sa a ɗauke ni a fitar."

Suka wuce na shida bai fita ba. A na takwas manaja ya fita, ya tsaya yana tare ƙofa da hannu kamar mai son faɗin wani abu, ƙarshe dai ya tambaya nawa ta nuna. Baba ya ce ta saukowa ce ake rubutawa, in yana son sani ya dawo ciki. Manaja ya dubi agogonsa, ya saki ƙofar ta rufe.

Ya rage shi kaɗai. Hannunsa na dama ya miƙa da kansa wajen mariƙin tagulla, ya tarar da bango sumul, ya ɗan daɗe a wurin. Sannan ya janye shi, ya latsa maɓallin ƙasa, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya sunkuya ya zuba wa allura ido.